Ranar Da Na Ce Babana Ne Ya Girgiza Ƙasa

Wata Talata ce a daminar 1992, watanni kaɗan bayan gwamnati ta tattaro komatsanta daga Ikko ta dawo Abuja. Ina 'yar shekara tara, muna 'yar gala-gala a filin makarantarmu ta Mpape, na ɗaga ƙafa ɗaya ke nan sai ƙasa ta yi gurnani ta motsa. Kwanon rufin aji ya ɗauki kaɗawa, mai tallar gyaɗa ta zubar da farantinta, yara suka watse suna salati. Ni kuwa, da bakina ba ya shiru, na riƙe ƙugu na ce, "Ku kwantar da hankalinku, babana ne yake fasa dutse."

Fasa dutse ne sana'ar babana, Malam Idi, tun da ya baro ƙauyenmu na Katsina. Tsofaffin tayoyi yake ƙonawa a kan falalen dutse, idan ya ɗauki zafi ya kwara masa ruwa ya tsage, sannan ya bi da guduma. Ni ce mai kai masa fura da rana, in taya Inna tara tsakuwa tsibi-tsibi, tifofi su kwasa zuwa ginin birni. Nakiya ko riƙe ta bai taɓa yi ba. A idona dai babu abin da ya fi ƙarfinsa, shi ya sa na cika baki.

Ranar katangu suka zube a unguwarmu, ɗaya ta karya wa wata tsohuwa ƙafa. Gidanmu da yake a kan dutse yake, ko randa ba ta fashe ba. Oga Tanko, shugaban 'yan unguwa, wanda ya daɗe yana kwaɗayin filinmu na bakin hanya, ya ji maganata a bakin ɗansa. Bayan la'asar ya tara jama'a, ya ba ni alewa yana shafa kaina. "'Yata, maimaita abin da kika faɗa a makaranta." Na maimaita, har da murmushi. Ya juya ya ce, "To, kun ji. Yaro ai ba ya ƙarya." Aka ce nakiyar babana ce ta girgiza ƙasa, ya rantse har ya gaji, ba wanda ya yarda. Cikin mako guda muka kwashe zuwa Dei-Dei, ya koma dakon siminti, har ya rasu ana kiransa Idi Mai Nakiya. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Ba zan ɓoye ba, haushin Tanko ne ya sa na karanci ilimin ƙasa. A jami'a na koyi cewa girgiza tana aiko kaɗawa biyu, mai sauri da mai nawa, kamar walƙiya da tsawa. Tazarar da ke tsakaninsu a takardar na'urar auna girgiza ita ke faɗin nisan tushen. Na'ura uku a wurare uku, ka zana da'ira uku a taswira, inda suka haɗu nan ne. Da ƙasar Mpape ta sake motsi a 2018, na zauna na zana nawa. Suka haɗu a ƙarƙashin duwatsunmu, can ƙasa, zurfin da babu nakiyar da za ta kai.

Na koma Mpape, na tarar da Tanko ya tsufa, yana zaune a gaban shagon da ya gina a filinmu. Na jira aka idar da la'asar, na shimfiɗa taswirar a gaban mutane. "Baba Tanko, ni ce 'yar Idi. Maimaita abin da ka faɗa a kansa." Ya sunkuyar da kai, ya ce in yafe. Na buɗe tafinsa na sa masa alewa, na tashi. Ban yafe ba.

Yanzu shaguna sun cinye filin gala-gala, ba a ƙara jin warin taya a kan dutse. Taswirar tana jakata har yau. Wanda na zana ta dominsa yana kwance a Dei-Dei, cikin ƙasar da aka ce shi ya girgiza.