Ranar da Dakta Cecilia Ta Ajiye Hantsaki

Kowace Laraba, tun kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Dakta Cecilia Isuwa ta riga ta karanta Zaburarta, ta sha kununta, ta fito daga gidanta na unguwar Gesse a Birnin Kebbi ta kama hanyar Argungu. Sauran ranakun tana Birnin Kebbi, tana leƙa kunnuwa masu zubar da ruwa, tana ciro wake da tsakuwa daga hancin yara, tana yanke ƙari daga maƙogwaron manya. Likitar tiyatar kunne da hanci da maƙogwaro ce, kuma talakan garuruwan nan biyu bai san wata ba sai ita. A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da biyar. Babu wanda ya gaje ta, shi ya sa jinjinar nan ta fi kama da ta'aziyya.

Daga Filato ta zo bautar ƙasa, da niyyar shekara ɗaya tak. Zafin Kabi ya gasa ta, marasa lafiya suka riƙa dariyar Hausarta har kan gadon asibiti. Ta tafi ƙaro karatu, kowa ya ce shi ke nan, ta tsere. Sai ga ta ta dawo da fitilar goshi da akwatin ƙarafa.

Wanda bai zauna Argungu ba zai yi mamakin jin ƙayar kifi na kisa. In ta maƙale, abin da kowa ya sani shi ne a dunƙula ƙatuwar lomar tuwo a haɗiye ba tauna, wai ta tura ta ƙasa. In ta ƙi, a tafi wurin masuncin gado ya yi tofi a ruwa a sha. Ƙaramar ƙaya takan wuce da kanta, a yaba wa tofi. Babba kuwa tuwon ne ke danna ta cikin nama har ta huda hanyar abinci, wuya ya kumbura, zazzaɓi ya rufe mutum. Sai a lokacin ake tuna asibiti.

A masu tofin nan babu wanda ake rububi kamar Kalilu. Ana nan sai ƙayar kifin karfasa ta tsaya wa matarsa Zainabu. Ya yi tofin duniyar nan, ƙaya ta ce ba ta san zancen ba. Kunya ta hana shi motsi har kwana huɗu, sannan ya lulluɓe ta da zane ya shigo da ita asibiti ta ƙofar baya, ranar wata Laraba. Awa biyu Dakta Cecilia ta yi a ɗakin tiyata. Ta fito da ƙayar a kan auduga ta miƙa masa.

"Baba, ga abokiyar faɗanka."

Kalilu ya sunkuyar da kai. "Likita, in anka ji wanga labari cikin gari na mutu da raina. Ɗan masunta, ƙaya ta ka da shi cikin gidanai!"

"Ba mai ji daga bakina," ta ce. "Ka ci gaba da tofinka, ban hana ka ba. Tuwon nan dai ka hana su. Kuma duk wanda ya kwana da ita, ka turo mini."

Wani likitan da zagi zai fara, ya kira tsohon jahili, ya rasa shi ya rasa mutanensa. Ita kuwa ta bar masa mutuncinsa, shi kuma ya ƙara wa maganinsa sharaɗi. In ya gama tofi ya miƙa ƙoƙo, sai ya haɗe fuska ya ce, "Maganin ga ba ya son tuwo. Kuma ba ya cika sai ɗiyar Filato ta duba wuyanka. Tashi ka tahi yanzu." Mutane suka riƙa tafiya, tunda mai asirin ne ya faɗa. Nas Hope, wadda ta tsaya gefenta shekara ashirin, ta ce sun bar ƙidaya ƙayoyin tun da suka wuce ɗari huɗu. Sai bana, da aka ce Likita za ta bar aiki, Kalilu ya tona wannan sirri da bakinsa.

Ke ce kika gane haka, Likita. Ke ce kika yarda yabo ya tafi wa ruwan tofi, muddin mai wuyan ya koma gida da ƙafarsa.

Ba ta yi sakaci da neman magaji ba. Likitoci biyar ta kama hannunsu ta koya musu zura bututu mai fitila cikin maƙoshi. Dakta Nasrullahi, wanda ta fi sa wa rai, shekara bakwai ya yi tare da ita, yau yana Saudiyya. Sauran ma sun watse, wani Abuja, wasu inda ba ma iya faɗin sunan garin. Ban ga laifinsu sosai ba, suna da iyali. Ta rubuta wa na sama takarda har ta gaji, amsar kullum ita ce ana dubawa.

Shekara biyu da suka wuce hannunta na dama ya soma rawa. Da farko sai ta gaji, daga baya ko ba ta gaji ba. Ta rage manyan tiyata, ta riƙe ƙananan, tana addu'a wani ya iso kafin hannun ya gama ƙi.

Larabarta ta ƙarshe, Kalilu da kansa ya rako wata mata daga Augie, Ummu Hani, matar wani manomin albasa. Kwananta biyar da ƙaya, ta haɗiye tuwo ba adadi kafin ta iso wurin Kalilu. Hoto ya nuna ƙayar ta nutse can ƙasa, dab da babbar jijiyar jini. Dakta Cecilia ta wanke hannu, ta ɗauki hantsakin da take ciro ƙaya da shi, ta ɗaga shi sama don ta gwada kanta. Bakin hantsakin na kaɗawa. Ta ajiye, ta ja numfashi, ta sake ɗauka. Yana kaɗawa. Nas Hope ta ce ba ta taɓa ganin hawayenta a wurin aiki ba sai ranar.

Ta fita ta sami Kalilu da mijin matar. "Baba, ba zan iya ba. In na kuskure da tsawon ƙwayar shinkafa, jini zai kashe ta a hannuna. A kai ta Sakkwato yanzu, na kira su, suna jira."

Kalilu ya ce, "Likita, hannunki ko yana rawa ya hi na kowa. Ki gwada, don Allah."

"Ba da ranta zan gwada ba."

Da kanta ta nemo mota, ta sa nas ta raka su. Ummu Hani ta isa Sakkwato da ranta, an yi mata aikin, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Kwana uku ta yi ta rasu. Ta bar 'ya'ya huɗu.

Har yau Dakta Cecilia na zaune a Gesse tana tambayar kanta ko da ta gwada. Babu mai iya ba ta amsa, ni ma ba zan yi mata ƙarya ba. Abin da na sani, ba ke kika kashe Ummu Hani ba, Likita. Mu ne, da muka jingina wuyan gari biyu a hannu ɗaya har ya gaji, ba mu taɓa tambayar ranar da zai gaza ba. Mun gode da shekarunki da kika ba mu. Mun gode da ranar da kika zaɓi faɗin gaskiya a kan kare sunanki. Allah Ya saka miki, Ya ba hannun nan sauƙi.

Ku kuma 'ya'yanmu masu karatun likita, ba na ce ku ƙi neman na kanku ba. Ɗaya dai muke roƙo, mutum ɗaya, ya koyi aikin nan ya zauna kamar yadda baƙuwa ta zauna. Ku yi sauri, don ba a daina cin kifi a Argungu ba. Shekaranjiya ma an kai wa Kalilu wani magidanci riƙe da wuya. Ya yi tofin, mutumin ya shanye, ya tsaya yana jiran a faɗa masa inda zai tafi. Tsohon ya karɓi ƙoƙonsa.

"Kak ka ci tuwo," ya ce. "Sauran ban sani ba."