Sallamar Mama a Bakin Gonar Citta

Mama ba ta iya barin gari ba tare da ta yi sallama ba. Ko Kafanchan za ta shigo daga ƙauyenmu ta sayar da citta, tafiyar da ɗan acaba ke yi kafin kunu ya huce, sai ta leƙa gidajen maƙwabta ta ce ta tafi. To balle Kanada.

Autarmu ce a can, tana aikin nas, ita da mijinta. Haihuwarta ta fari yaron bai zo da rai ba, kuma ba wani namu a kusa da ita. Likitoci sun faɗi dalilinsu, amma Mama ba ta taɓa karɓa ba. Ita dai abin da ta riƙe shi ne ba ta je ba. Da auta ta sake samun ciki, Mama ta tashi a gaban zumuntar mata ta cocinmu ta ce in Ubangiji ya bar ta da rai, wannan karon hannunta ne zai yi wa jaririn wankan farko. A wurinmu wannan wanka na kaka ne, ba a ba wa baƙo.

Biza ta fito, muna murna, sai korona ta shigo aka rufe sama da ƙasa. Da aka buɗe filayen jirgi kuma, aka buɗe su da sharuɗɗa masu canjawa kamar farashin kasuwa. Ni ce babba a gidanmu, malamar makaranta ce, makaranta kuwa a rufe, don haka aikin ya faɗo kaina. Akwai wani mai sayar da tikiti a Sabon Tasha, cocinsu ɗaya da ƙanina, na dame shi da waya har ya haddace muryata. Yau ya ce ta Turai za a bi, gobe ya ce can ba za su bar ta ko zama a kujerar filin jirginsu ba. Jibi ya ce ta Alƙahira, kafin in gama yi wa Mama bayani ya sake kira ya ce jirgin da zai ɗauke ta daga can ya daina tashi.

Mama ta saurare ni ta ce, "Ita hanyar saman ma tare ta ake yi? Sojoji ne a can?"

Na ce, "Ba sojoji ba ne, Mama, doka ce."

Ta ce, "To ai gara soja, ka gaishe shi ya amsa."

A ƙarshe aka samu hanya ta Addis Ababa. Saura abu ɗaya, gwajin korona. Dole a yi shi a Abuja dab da tafiya, dole ya nuna ba ta da cutar, kuma ba ya kwana da yawa, kamar kunun gyaɗa yake, in ya wuce lokacinsa ya lalace. Na zaunar da Mama na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce ta zauna a gida, ban da shiga taro, ban da rungumar kowa. Ta ce ta ji. Har da gyaɗa kai.

Ashe ina juya baya ta ɗaura zaninta na zumunta ta shiga gari. Gida-gida ta bi. Ta je gidan fasto aka ɗora mata hannu, ta je wurin matan da suke tsaga citta tare, ta gangara har rugar Fulanin da ke bayan rafi, inda take sayen nono tun muna yara, suka ba ta man shanu wai ta kai wa mai jego. Kowane gida sai an zauna, sai an sha ruwa a kofi ɗaya, sai an yi addu'a hannu cikin hannu. Takunkumin fuskar da na saya mata kuwa yana ƙarƙashin haɓarta, tana cewa yana hana ta gaisuwa da kyau.

Muka tafi Abuja tana ɗan tari, ta ce sanyin safiya ne. Aka zura mata tsinken nan a hanci ta yi atishawa ta sa wa mai gwajin albarka. Da sakamako ya fito, yana ɗauke da abin da nake tsoro.

Kai, ranar na yi faɗa kamar zan ari baki. A cikin mota, daga Abuja har muka wuce mararrabar Kagarko ban yi shiru ba. Na ce, "Haba Mama! Me na ce miki? Sallama ce za ta kai ki Kanada? Ga shi nan, kin yi sallama da duk duniya kin dawo gida!" Direban ma sai da ya ce, "Anti, a yi haƙuri mana."  Mama ta juya fuska wajen taga, ƙullin man shanun yana kan cinyarta. Sai da muka kusa Kwoi ta ce a hankali, "Watan haihuwar auta ya kusa, ko?"  Na ji kunya, na kuma ji tausayinta har cikin raina.

Allah ya taimaka cutar ba ta kwantar da ita ba, mura ce kawai ta yi ta wuce, kuma ba mu ji wani ya kwanta a ƙauye ba. Mutumin Sabon Tasha ya sha wuya kafin ya matsar da tikitin gaba. Ya ce in wannan ya wuce, shi dai bai san wata hanya ba, don ana ta raɗe-raɗin za a ƙara tsanantawa. Auta kuma tana kirana a ɓoye tana kuka, tana cewa, "Yaya, tsoro nake ji. Kada in sake shiga ɗakin nan ni kaɗai."

Wannan karon ban ko buɗe baki ba, Mama da kanta ta kwaso kayanta ta dawo gidana a Kafanchan, ta shiga ɗakin baya ta ja ƙofa. Matar da ba ta iya wuce akuya ba ta yi mata magana ba, ita ce ta zauna makonni tana kallon bango. Ran Lahadi in ta jiyo waƙa daga cocin unguwarmu sai ta bi a hankali, tana buga cinyarta. 'Yan ƙauye su zo gaishe ta, ta ce in ce musu ta gode, su koma. Sai abin ya fara ba ni tsoro ma, don ban saba ganinta haka ba.

Ana gobe za mu koma Abuja ta kira ni ta ce, "Da safe za mu bi ta gida."

Na ce, "Wane gida? Mama, kada mu fara. Ba kin yi sallama ba?"

Ta ce, "Waccan ta lalace. Na dawo, an gan ni. Ba ke kika ce gwajinku yana lalacewa ba? To ita ma haka."

Na buɗe baki zan hau ta da faɗa, ta ɗaga hannu. Ta ce ba gida-gida za ta bi ba, mutum ɗaya ce. Nan na gane. Aminiyarta ce tun suna 'yan mata, wadda duk muke ce wa Kaka, mai buga tulu in ana waƙa a zumuntar mata. Ta girmi Mama, kunnenta ya yi nauyi, bakinta kuwa ko kaɗan bai tsufa ba. Lokacin sallamar farko tana Kauru wurin ɗanta, ba su haɗu ba.

Mama ta ce, "Ba zan taɓa ta ba. Ba zan matsa kusa ba. Amma in kin ga na hau jirgin nan ban yi mata sallama ba, to ɗaure ni kika yi."

Na san Mama. Na ce to, amma ni zan nuna inda za ta tsaya.

Da hantsi muka isa. Kaka tana ƙarƙashin mangwaro a ƙarshen gonarta, ita da wasu mata suna tsaga citta, an shanya wadda aka gama a kan dutse, ƙamshinta har cikin mota. Na sa direba ya tsaya a bakin hanya. Na tsayar da Mama a gindin mota, na aika murya na ce kowa ya tsaya inda yake. Faɗin gonar gaba ɗaya yana tsakaninsu. Abin da ban lissafa ba shi ne kunnen Kaka.

Mama ta ce, "Na zo sallama!"

Kaka ta kama kunne ta ce, "Me ta ce?"

Mama ta cire kunya ta ɗaga murya yadda ake kiran mutum daga wancan ƙetaren rafi. Daga nan duk maganar da ya kamata a yi a ɗaki, a yarenmu, ƙasa-ƙasa, sai aka yi ta da ihu. Masu wucewa suka tsaya, masu keke suka sauka.

"Akuyata mai ciki, ki sa mata ido! Kada ki bar ɗan nan nawa ya sayar, na san halinsa!" Ƙanina Mama take nufi, ya rako mu, yana tsaye a bayan mota, ya sunkuyar da kai.

Kaka ta ce, "Ki gasa wa yarinyar nan jiki da kyau! Ruwan ya yi zafi, kada ki ji tausayinta! Ni na wanke ta ranar da aka haife ta, ke kina kwance kina kuka kamar ba ki taɓa haihuwa ba!"

"Ƙarya kike yi!"

"A tambayi gari!"

Mata suka kwashe da dariya, har ni. Sai Kaka ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan ƙulli, sabulun salo da man kaɗanya. Ta dogara sanda ta zo tsakiyar gona ta ajiye a kan dutse ta koma. Na je na ɗauko, na fito da sanitaiza mai kashe ƙwayoyin cuta na fesa wa ƙullin ta ko'ina. Kaka ta riƙe haɓa ta ce, "Me take fesa wa kayana? Ƙwari ne a ciki? Wannan 'yar taki, tun tana ƙarama haka take!"

Dariya ta lafa. Mama ta gyara tsayuwa, ta sauke takunkumin, na bar ta tunda ba kowa kusa. Ta ce da ƙarfi, "In na yi miki wani abu, ki yafe mini!"

Wannan Kaka ta ji shi tun karon farko. Ta ce, "Na yafe! Ke ma ki yafe!"

"Na yafe!"

"Har da maganar kazar nan?"

"Har da kazar!"

Har yau ban san wace kaza ba ce. Sai Kaka ta ce, "In kin dawo ba ki same ni ba, tulun naki ne. Kada ki ba wa matar dattijon coci, ba ta iya ba." Matar dattijon tana zaune a wurin da wuƙa a hannu. Mama ta ce ta daina wannan magana, Kaka ta ce ita dai ta faɗa. Ta ɗaga sandarta ta yi addu'a, gajeriya, duk muka ce amin. Mama ta shiga mota ba ta waiwaya ba. Ni ce na yi ta share hawaye har muka hau kwalta.

Gwajin ya fito lafiya. A filin jirgi na rataya mata jakar takardu a wuya, na kuma nemi a tura ta a keken marasa lafiya don kada ta ɓace a Addis Ababa. Ta ce ƙafafunta ƙalau suke, ba za ta kira wa kanta ciwo ba. Na ce ko keke ko Kafanchan. Ta hau tana harara ta. Daga baya kuwa ita ce take ba da labari wai an yi ta tura ta kamar matar gwamna, ta gaida kowa a hanya, har da waɗanda ba su amsa ba.

Da ta sauka aka sake killace ta a ɗakin ƙasa na gidan auta, ana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Saura kaɗan ta fito naƙuda ta zo. Mama ta durƙusa a bayan ƙofar nan tana addu'a har mijin auta ya kira daga asibiti ya sa mata kukan jaririya a waya. Mace ce, lafiyayya. Auta ta ce a goge ta kawai, kada kowa ya sa mata ruwa, kakarta tana nan tafe.

Ranar wankan na hau acaba na kai wa Kaka wayata ta gani ta kiran bidiyo. Ga Mama zaune a kan ƙaramar kujera, ta baje zani a cinya, ga sabulun salon nan a hannunta, jaririya tana tsala ihu. Kaka ta kawo fuska har hancinta yana taɓa gilashin, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba ta riƙe wuyan da kyau ba." Sai ta goge ido da bakin zani ta ce in tafi da abina, hasken yana sa ta hawaye.

Ruwan farko bai daɗe da sauka ba Kaka ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba. Ba korona ba ce, tsufa ne. Mama tana can, hanyar dawowa ma ta sake rikicewa, ko da an samu ba za ta riski jana'iza ba. Ƙanina ya ce shi ba zai iya faɗa mata ba, auta ma ta ce ba da ita ba. Ni mai bakin, ni aka bar wa.

Na kira na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar sanyi, ina tambayar jaririya. Mama ta ce, "Ke, faɗi abin da kika kira ki faɗa." Na faɗa.  Ina jin motsin ruwa a roba da ɗan kukan yarinyar. Na fara ba ta haƙuri, ina cewa na san da tana gida da ta yi mata rakiya.

Ta ce, "Ai mun yi sallama. Duk gari ya ji."

Ta ce in je in ɗauko tulun in ajiye a ɗakina kafin wani ya fasa. Sannan ta ce in kashe wayar, ruwan wankan yarinyar zai huce.