Hancin Na-Tsaye

Mijin yayata bai taɓa shan taba ba, amma a cikinta ya tsufa. Aikinsa kula da wani ɗaki ne a bayan shagon da ake sayar da tabar nan mai kauri, wadda ake naɗe ganye a kan ganye babu takarda, kowane kara ya kai babban yatsa. Masu hali sukan saya su bar ta a nan ajiya, kowa da durowarsa, su zo su ɗauki ɗaya-ɗaya in sun ga dama. Ni kafinta ne. Ni na haɗa kabad-kabad ɗin ɗakin, ni ke gyara su, don haka abin da na gani da idona zan faɗa.

A shagon Na-Tsaye ake ce masa, saboda babu wanda ya taɓa ganin ya zauna. Shayi ma a tsaye yake sha. Ni Yaya nake ce masa in ina neman wani abu a wurinsa, shi kuwa Auta yake kirana har yau da furfura ta cinye min gemu.

Ɗakin ba shi da taga. Ƙofar gilashi ce, bango da durowowi duk na wani jan katako mai ƙamshi da muke kira sida. Tabar nan ba ta son bushewa, sai ta tsage. Ba ta son danshi da yawa, sai ta yi fumfuna. Tsakanin biyun nan mutumin ya ƙare rayuwarsa. Akwai agogon danshi a jikin bango kusa da ƙofa, ya ja masa jan layi, allura ba ta isa ta wuce shi ba. Akwai farantan soso da yake jiƙawa da tataccen ruwa, irin na batir. Ranar da wani sabon ma'aikaci ya kawo masa ruwan famfo, sai da aka shiga tsakani.

Mafi tsadar tabar kowane kara yana zuwa ne a naɗe cikin siririn ɓawon sida, kamar riga. Rigar tana ba ganyen ƙamshi, amma tana riƙe danshi a jikinsa, kuma a ƙarƙashinta fumfuna ke fara fitowa, inda ido ba ya gani. Kafin ta leƙo waje ta gama da durowa. Agogo ba ya gaya maka wannan. Hanci ke gaya maka, kuma hancin Na-Tsaye shi ne jarinsa. Da safe zai buɗe ƙofa, ya ja numfashi sau ɗaya, ya nufi wata durowa can ƙasa ya zaro kara guda daga tsakiya. In ya zare rigar, sai ka ga ɗigon kore kamar kan allura. Saboda hancin nan tsohon mai shagon ya ba shi makullin ɗakin. Da tsohon ya rasu, 'yarsa da muke kira Magajiya ta karɓi shagon, ta bar masa makullin. A wuya yake rataye shi, cikin riga.

Yayata kuwa tun aurensu take faɗa da warin. Ba ya shiga ɗaki sai ya cire rigar aiki ya rataye a bayan ƙofa.

"Mutum bai sha ba, amma gidana kamar gidan mashaya," haka take cewa. "Ko maƙwabta sun ɗauka ni ke busawa."

Wata shekara mura mai zafi ta kwantar da shi, har da zazzaɓi. Ya warke ya koma aiki, kowa ya ce barka. Bayan haka ya zo shagona karɓar wasu katakai, ya tarar ina shafa fanish. Mutumin da in ya jiyo fanish daga bakin titi yake toshe hanci yana zagina, ranar ya tsaya dab da gwangwanin yana min hira. Na ɗaga gwangwanin na kai masa har gemu kamar zan wuce da shi. Ko gezau.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Hancin."

Ya waiga ƙofa, ya waiga baya, kamar ɓarawon da aka kama da akuya. "Zai dawo. Likita ya ce yakan dawo."

"Ka gaya wa Magajiya?"

"In gaya mata me? In ce ga makullinki, mai gadin ya makance? Auta, in ka buɗe bakin nan naka mai kama da durowar da ta ɓalle, ni da kai har abada."

Ban buɗe ba. Ba aikina ba ne.

Dabarar da ya yi ita ce: ya sa na yanka masa ƙananan ɓallin sida, ya saka ɗaya a kowace durowa. In sun kwana biyu sun sha iskar wurin, sai ya kwashe su cikin ƙananan kwalabe masu murfi, kowace da alamar durowarta, ya kawo gida da yamma. Yayata, wadda ta ƙi jinin warin nan tun tana amarya, ita ce ta koma zama a tabarma tana buɗe kwalba tana shinshinawa. Na same su a haka. Shi yana tsaye a kanta yana sauya ƙafa, ita tana jan rai.

"Wannan fa?"

"Warin rigarka."

"Wannan?"

"Warin rigarka. Malam, ka matsa ka ba ni iska, ko in tashi."

Ta buɗe wata, ta shinshina, ta sake kai hanci. "Wannan kamar ɗakin da aka rufe bayan ruwan sama."

Washegari ya sami kara biyu masu ɗigo a wannan durowar, ya raba su da sauran, ya goge katakon da sifirit. Babu wanda ya san komai a shagon. Haka suka yi ta yi, hanci bai dawo ba, aiki bai tsaya ba.

Sai 'yarsu ta fari ta haihu a wani gari mai nisa, haihuwar ta zo da wahala, aka yi mata aiki. Yayata ta haɗa kaya ta tafi, ta ce ba ta san ranar dawowa ba. Ya raka ta tasha, har mota ta tashi bai iya ce mata kada ta je ba. Ai ba zai iya ba, 'yarsa ce.

Kwalaben ya fara kawo min. Na buɗe na shaƙa, na shaƙa. Ni da na wuni cikin garin katako da gam, komai sida yake min.

"Duk ɗaya ne, Yaya."

"Ka sake. Ka rufe ido."

"Ko na rufe kunne duk ɗaya ne. Je ka gaya wa Magajiya. Ta san ka tun tana rarrafe."

"Kai dai yayarka ta kwashe hankalin gidanku har da hancin, ta bar maka zarto."

Daga nan ya daina kama kansa. Tun da hanci ba ya gaya masa, sai ya ce ido zai gaya masa. Ya shiga zare rigunan sida ɗaya bayan ɗaya, ya duba, ya mayar. Ɗakin yana da kara fiye da abin da mutum ɗaya zai duba a mako, in ya kai ƙarshe sai ya ce na farkon sun daɗe, ya koma. Da, sau biyu yake buɗe ƙofar a wuni. Yanzu shiga da fita yake kamar mai gudawa. Kowace buɗewa danshi na fita, allurar agogon da ke bakin ƙofa ta sauka, shi kuma ya firgita kada ganye ya bushe, ya ƙara ruwa a soso. Ya ƙaro faranti, ya tura can ƙasan kabad na ƙurya. Mutumin da ya fi kowa sanin illar haka, shi ya yi. Na ga mai tsoro yana aiki ba sau ɗaya ba, hannunsa na sauri, kansa na baya.

Ya rame. Yakan zo shagona da rana, bai zauna ba, bai tafi ba, ya ɗauki guduma ya ajiye, ya ɗauki tef ɗin awo ya ja ya saki. In ya kira yayata a waya sai ya tambayi mai jego da jariri, sannan ya kewayo kan zancen kwalaben.

Ina jiyo ta tana cewa, "Hanci ba ya bin waya, malam. Ka ci abinci?"

Wata safiya ya aiko a kira ni, wai durowa ta ƙi buɗuwa. Na ɗauki jakar kayan aiki na je. Ta can ƙasa ce a ƙurya, ta wani dattijo da ya daɗe yana tara tabarsa don ranar da ɗansa zai gama karatu ya dawo. Na ja, ta ƙi. Na shafa gefen katakon da yatsa, sanyi ƙalau, ya kumbura ya cika ramin.

"Katakon nan ya sha ruwa ya ƙoshi," na ce.

"Allura tana kan layi."

"Allura tana bakin ƙofa tana shan iska. Nan ƙurya ce. Me ka saka a ƙasa?"

Na leƙa na ga farantan soso a jere, har ruwa ya kwanta a cikinsu. Na sa kurfin sassaƙa na ɗan ɗaga durowar, muka ja tare, ta fito da ƙara. Daga sama komai lafiya, jajayen riguna a jere kamar ranar da aka kawo su. Ya ɗauki ɗaya ya zare. Kore da fari, kamar fumfunar burodin da aka manta. Ya ɗauki na biyu. Ya ɗauki na uku ya duba bakin da ake kunnawa, har ciki ta shiga. Wanda ta shiga cikinsa ya tafi, wannan ko ni na sani. Warin ya taso har ni mai mataccen hanci na ji. Shi yana riƙe da karan dab da fuskarsa, bai ji komai ba.

Ya dubi jakata. Ya san kullum akwai ɓawon sida a ciki.

"Riguna nawa za su fita a abin da ka zo da shi?"

"Za su isa durowar," na ce.

Gaskiya ce na faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. In an goge saman aka sa sabuwar riga, babu mai ganewa sai ranar da dattijon ya kunna, kuma ranar da sauran lokaci. Ya je ƙofa ya dawo. Ya sake zuwa ya dawo. Ya ciro makullin daga cikin riga ya riƙe, ya mayar. Ni ina tsugune ina kwashe farantan, ban ɗaga kai ba.

Sai na ji ya ce, "Matsa." Ya sunkuya ya rungumi durowar gaba ɗaya, ya fita da ita ta tsakiyar shago a gaban ma'aikata, ya hau matakala zuwa ofis. Na bi shi da jakata, na tsaya a bakin ƙofa.

Ya ajiye ta a kan teburin Magajiya, ya zare riga ɗaya ya nuna mata. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce hancinsa ya mutu tun murar nan, matarsa ce ke shinshina masa, ta yi tafiya, shi ya cika ruwa.

Ta daɗe tana kallon karan. "Baba, tun murar nan? Me ya hana ka gaya min?"

"Da kin karɓe makullin."

Ba ta ce a'a ba. Ta ce ita za ta kira dattijon ta yi masa bayani. Ya ce shi ya ɓata, shi zai tsaya a gabansa, kuma ya tsaya, ya sha faɗan da ya sha. Sannan ta miƙa hannu a hankali, ya cire igiyar daga wuyansa ya sa mata. Ba ta kore shi ba. Ta ce shagon nan gidansa ne, ta sa aka kawo masa kujera mai laushi a bakin ƙofar shiga, ya riƙa tarbar manyan baƙi da suka san shi. Ɗakin kuma aka kafa masa na'urori a kowace kusurwa, aka ba wata mata mai kula da teburin ciniki makullin.

Kujera, ga Na-Tsaye! Bai cika mako ba. Daga inda aka ajiye shi yana hango ƙofar gilashin, duk wanda ya buɗe ta sai ya miƙe. Ran nan na zo buɗe shagona na same shi a bakin ƙofa da rigar aiki.

"Kana da abin gogewa, Auta?"

"Ba na ɗaukar tsofaffi."

"Ni ma ba na yi wa yara aiki. Ba ni sanfefa."

Yana nan har yanzu. Shi ke fere ɓawon sida, kuma ya fi ni, don ya san kaurin da kara ke so. In shagon taba suka aiko a duba durowa ni ke zuwa, in na dawo sai ya tare ni tun daga titi: ƙurya fa, ka taɓa katakon, sun sauya soso? In ce lafiya, ya ce ban duba da kyau ba.

Da yayata ta dawo, ina gidan. Ya cire riga zai rataye a bayan ƙofa kamar kullum, ta karɓa ta kai hanci, ta sake kaiwa.

"Babu warin taba," ta ce. "Sai garin katako, irin na wannan shashashan."

Ta juya aljihun, wani ɗan ɓallin sida ya faɗo. Ba daga kowace durowa yake ba, daga ƙasan bencina ya tsinto shi. Yana tsaye yana sauya ƙafa, yana kallonta. Ta ɗauka ta shinshina.

"Lafiya lau," ta ce. "Zauna ka ci abinci."

Ya ɗauki kwanon, ya ci a tsaye.