Gaɓoɓin da Inna ta ara

Innata ba ta taɓa riƙe carbi ba. Idan ta sallame la'asar a gindin darbejiyar gidanmu na Tsaskiya, sai ta ɗora hannun dama a cinya, babban yatsanta ya shiga yawo. Ya sauka a gaɓar farko ta ƙaramin yatsa, ya hau ta biyu, ya hau ta uku, ya tsallaka zuwa na kusa da shi. Bakinta na motsi, ba a jin komai. Ni kuwa ina kwance a gefen tabarma, inuwar ganye na kai da kawowa a kan zanenta, har barci ya fara ɗaukata ina ganin kamar yatsan nan ne ke tura rana yamma.

Tun tana yarinya ta ji a bakin malaminsu cewa ranar gobe za a ba yatsu baki su faɗi abin da aka yi da su. Shi ke nan ta riƙe. "Carbi icce ne," in ji ta, "ba da shi za a tashe ni ba."

Inna mace ce mai ba kowace gaɓa hali. Da kaka, idan muna ɓare kara, takan nuna mini gaɓarsa ta ce wannan in ka lanƙwasa karyewa yake, mu kuwa Allah ya ji ƙanmu. Gwiwa da gwiwar hannu ƙyaure ne a wajenta, buɗewa da rufewa kawai suka sani. Kafaɗa kuma muciya ce cikin tukunya, ba inda ba ta zagawa, haka ma ƙugu, sai dai shi ya fi kamun kai. Wuya an yi shi ne don sallama dama da hagu, amma ta ce ni na mayar da shi na cewa a'a. Babban yatsa ta fi so duk cikinsu. Ta ce zaman mai jaki yake yi a gindin hannu, ya yi gaba, ya yi baya, ya karkata gefe, shi ya sa shi kaɗai ya san ƙofar gidan kowane yatsa.

Na girma, na yi aure a Batsari. Wata damina na hau babur na je gaishe ta, na tarar da ita ta idar da salla tana zaune shiru, hannunta a cinya ba ya motsi. Sanyin ƙashi ya kama yatsun, gaɓoɓin sun kumbura sun karkace. Babban yatsan ya taso zai tafi yawonsa, ya tsaya a hanya yana rawa. Ko yatsan tsakiya bai kai ba.

Na taho da ita gidana. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya cinye, ya ba da magani, muka haɗa da man kaɗanya da ruwan ɗumi. Zafin ya ragu, amma yatsan bai koma hanyarsa ba. Na sayo mata carbi mai manyan 'ya'ya, ta gode, ta rataye shi a ƙusa. Na sayo ɗan abin latsawar nan da ake sawa a yatsa kamar zobe, ta juya shi ta ce, "Wannan agogon 'yar tsana hwa?" Na ji haushi ƙwarai, don ni ma ba haƙuri gare ni ba. Na ce mata Allah ai ya san lissafinsa.

"Ya sani, ɗiyata. Ni dai tsoro nike in tashi da hannun da ya yi shiru a ƙarshe."

Tausayinta ya cika ni. Daga nan kullum idan ta sallame sai ta zuba wa hannun ido, ni kuma in kama aikin da ba ni da shi a tsakar gida don kada in gani.

Wata la'asar bayan an ɗauke ruwan sama, ƙasa na ƙamshi, indararo na ɗiga a hankali, na zauna kusa da ita ina shafa mata mai. Sai ta kama hannuna na dama ta buɗe shi a cinyarta. Ta ɗora manuniyarta, wadda ta sandare kamar tsinke, a gaɓar farko ta ƙaramin yatsana. Ta matsa ta biyu, ta matsa ta uku. Bakinta ya fara motsi. Ina jin yatsan nan mai ɗumi yana bin hannuna gida gida, kamar na koma tabarmar Tsaskiya.

Da ta gama, bakina da ba ya rufuwa ya ce, "To Inna, ai yanzu nawa yatsun za su yi shaida, ba naki ba."

Ta harare ni da gefen ido. "Ji ta hwa. A cikin wa aka ƙera su? Nawa ne, ajiya na ba ki."

Haka muka yi ta yi, salla biyar, har Allah ya karɓi abinsa bayan girbin bara. Yanzu idan na sallame, babban yatsana yakan yi nasa zagayen. Sannan in buɗe hannun a cinyata in bar shi haka na ɗan lokaci, wai ko Inna ba ta gama nata ba.