Kwaɗin Yaya Bashir

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Bashir. Allah ya jiƙan shi. Rai dai ba ya ga zama.

Makaɗi ne, amma ba irin na hafla, wato taron biki, ba. Shi rikoda yake ɗauka ya tafi bakin tur'a, babbar magudanar ban ruwa, ya ɗauko kukan kwaɗi, ƙarar ruwa na shiga gonar hawasha, iska cikin karan dawa, ya zo birnin Madani ya haɗa da garaya. Tun da jirgin feshin auduga ya fara rage kwaɗin ƙauyenmu na wajen garin Hajj Abdalla hankalinshi ya tashi. Mu kuwa dariya muke. Ni na fi kowa. Nakan ce mishi, "Ya zol, kai mutumin nan, wa zai yi rawa da kwaɗo?" Sai ya ce, "Ke dai Hajara, saurara."

Abin da ya fi ba ni haushi kaset ɗin roƙon ruwa. Tsoffin matan ƙauye na fita da ƙwarya a kife cikin ruwa, suna kiɗa suna waƙa in damina ta yi jinkiri. Ya ɗauke su, amma waƙa na kai tsakiya sai shiru, sai kwaɗi. Na ce ya ɓata aikin tsoffi.

Bana ruwa ya ƙi. Inna ta bugo mini waya nan Madani: mata na son fita, amma tsoffin duk sun tafi, ba mai tuna yadda waƙar take ƙarewa. In ba a fita bana ba, halas, shi ke nan, ta mutu. Na tono kaset, na kara wayata a bakin rikoda. Da anka zo wurin shirun na ce, "Inna yi haƙuri, nan ne ya yanke."

Sai ta ce, "Bai yanke komi ba, 'yar nan. Ai nan ake tsayawa. Kwaɗi ka ƙarasa ta. Mu munka manta."

Ashe na zaune bai ga gari ba, ko da a Madani yake zaune kamar ni.

Da yana nan, ban san me zai ce da tur'ar yanzu ba, leda ta fi kifi yawa. Ina jin rikoda zai ɗauka kawai.

Matan sun fita ranar Juma'a. Sunka kai wurin tsayawar waƙar, sunka yi shiru. Inna ta ce kwaɗo biyu ne kacal sunka amsa, amma sun amsa.