Ranar da Malam ya hana baƙona azumi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina karatu a jami'a a Zariya. Ɗakinmu ɗaya da wani abokina Kirista, mutumin Kudu mai jin Hausa. Da Sallah shi ke rako ni har bakin filin Idi, da Ista ni ke karɓar masa abinci kafin ya dawo daga coci.

Wata shekara Kirsimeti ta faɗo cikin azumi. Garinsu nesa ne, sai na tafi da shi gidanmu a Kurfi. Muna wuce Dutsin-Ma na ja masa kunne: mahaifina malami ne, kada ya ta da zancen bikinsu. Ya amince. Saboda kara ma, har azumin ya riƙa yi tare da mu.

Ranar Kirsimeti da hantsi ya sa kwat ɗinsa, ya zauna a zaure shiru kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Mahaifina ya fito ya dube shi.

"Ɗana, wannan ado fa?"

Na yi caraf na ce, "Malam, haka suke, ba su rabo da kwat."

"Ba kai na tambaya ba."

Abokina ya sunkuyar da kai. "Baba, yau ce Sallarmu."

"Sallarku? An ga wata?"

"Tamu ba ta bin wata, Baba."

"To, kuma ka tashi da azumi?"

Ya ce e. Malam ya yi salati.

"Wa ya taɓa azumi ranar Sallarsa? Ko mu an hana mu. Ba a gidana ba! Kai kuma mai ilimin boko, tashi ka kamo zakara."

Haka na bi zakara cikin rana, ga ƙishirwa. Mahaifiyata ta ɗora tukunya tana mita, wai da an faɗa mata tun jiya da ta yi waina. Ba ta ɗanɗana miyar ba, gishiri ya zarce. Abokina ya cinye tas, idonsa na ruwa, yana cewa barkono ne.

Na tafi jami'a ina ganin ni na san zama da mutane, su na gida sai an yi musu hankali. Har yau in na tuna nakan yi dariya, da 'yar kunya a ciki. A gidan nan kaf, ni kaɗai na so bawan Allah ya wuni Sallarsa da yunwa.