Minti Goma a Ƙirjin Barira

Shekara talatin 'Yar'azumi tana wankan gawar mata a wani ƙauye bayan Auyo, kuma abin alfaharinta guda ne: tafin hannunta ya san matacce, ya san mai dogon suma. Sau biyu tana korar masu kuka, ta ce a kawo kunu, da sauran kwana. Mace ce mai faɗa, ba a yi mata gardama.

Da faɗuwar gaba ta dame ta, har ta taɓa zubewa a gonar shinkafa, sai ta je asibiti a Haɗeja. Likita Fatihu ya manna mata wasu 'yan faifai masu danƙo a ƙirji, da wayoyi zuwa wata 'yar na'ura mai naɗar bugun zuciya. Ya ce kwana biyu, kada ruwa ya taɓa ta.

Washegari Talata da hantsi aka ce maƙwabciyarta Barira ta rasu. Kogi ya yi ambaliya, ruwa har cikin ɗaki, maza na jira da kwalekwale don a kai ta maƙabartar kan tudu kafin hanya ta toshe. 'Yar'azumi ta taɓa wuyan Barira sau ɗaya, ta ji sanyi, ta ce a kawo ruwa. Sai ta tuna gargaɗin likita. Ta ɓamɓare 'yan faifan, ta rasa busasshen wuri, ta ɗora su a ƙirjin mamaciyar, ta juya tana kirɓa ganyen magarya. Da ta gama, ta hango wata ƙusa a bango, ta ɗauke su ta rataye. Kafin azahar an binne Barira.

Ranar da ta mayar da na'urar, likita ya daɗe yana duban kwamfuta.

"Iya, me kike yi ranar Talata, wajen ƙarfe sha ɗaya? Minti goma zuciyarki na bugawa a hankali, da kyar, kamar za ta tsaya. Daga nan shiru, ina jin cirewa kika yi."

"Ɗan nan, na'urar taku tana ƙarya?"

"Takan yi kuskure, Iya. Amma wannan bugun zuciya ne."

Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji gaban gawa ba. Ya rubuta mata magani, ta karɓa ta fita.

Har yanzu ita ake kira. Sai dai takan zauna da kunnenta a ƙirjin mamaciya har mazan waje su gaji da sallama.